Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Jari Ko Ciniki, Sannan A Tsaya A Kare Ta Da Baki

Na daɗe ina buga wa 'yan kasuwa takardu a wani ɗan shago da ke kusa da Babbar Kasuwar Gombe, kuma na yi shekaru ina riƙe da alƙalamin wata ƙungiyar gama kai ta masu ƙananan sana'o'i. Na raka mai nema, na kuma zauna cikin kwamitin da ke sauraron mai nema. Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne in ga mai sana'a ta gaske, wanda hannunsa ya san aiki, ya rasa rance ko ciniki don ya kasa faɗin abin da ya kawo shi a fili. Wanda bai kama ƙafarsa ba sai ya zo ya karɓe, saboda takardarsa ta fito tsaf kuma bakinsa bai yi rawa ba.

Duk wanda za ka je wurinsa, manajan banki ne, ko babban dila a kasuwar Tudun Hatsi, ko mai sayen kayan abinci na wata makarantar kwana, abu uku yake jira ya ji: me kake so, nawa ne, shi kuma me zai samu kuma yaushe. Aikin da za mu yi a nan shi ne mu kai waɗannan ukun kunnensa kafin hankalinsa ya koma kan wayarsa. Zan riƙa cewa "ka", amma mata sun fi yawa cikin masu kawo mini wannan aiki, don haka da kowa nake.

Kayan da za ka tanada

Na farko, littafin cinikinka, wanda kake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ko ya sha maiƙo, ko bangon ya yage, kawo shi haka nan. Na ga littafi mai tabon manja ya yi wa wata baiwar Allah aikin da takarda mai ƙyalli ba ta yi wa wani ba, domin duk wanda ya buɗe shi ya san da shi ake kwana ana tashi. Idan ba ka da littafi, kada ka zauna dare ɗaya ka cika sabo da lambobin ƙarya; biro ɗaya da rubutu iri ɗaya daga farko har ƙarshe shi ke tona asiri. Ka fara yau, ka rubuta na kwana 30 tsakani da Allah, ka haɗa da saƙonnin shigar kuɗi da ke wayarka da rasit ɗin POS.

Na biyu, takardun shaida: lambar NIN, lambar BVN, takardar shige da ficen kuɗi ta asusunka ta aƙalla wata shida, da takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, idan ka yi. Yanzu ana yin rajistar sunan kasuwanci ta intanet, kuma tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta fara aiki, mutum ɗaya ma yana iya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai. Mai sarrafa abin ci ko sha da ake ƙunshewa a leda ko roba ya san za a tambaye shi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Wanda bai yi rajista ba tukuna yana iya shiga ta ƙofar ƙungiyar gama kai mai rajista, ko ya nemi takardar shaida daga shugaban layinsu a kasuwa.

Sai biro da farar takarda, da waya mai ɗaukar murya, da fayil mai tsabta na roba, da samfurin kayanka. Kwamfuta ba dole ba ce, shagunan buga takardu sun cika gari. Abu na ƙarshe, wanda ya fi wuyar samu: mutum ɗaya da ba ya jin kunyarka, wanda zai saurare ka ya ce maka "ban gane ba".

Mataki na 1: Ka san wanda za ka yi wa magana

Kafin ka ɗora biro a takarda, ka je ka leƙa wurin. Ka tambayi mai gadi ko akawu: wa ke karɓar irin wannan takarda, mene ne muƙaminsa, suna da fom nasu ko mutum ne ke rubuta tasa, wace rana kwamiti ke zama? Matambayi ba ya ɓata. Tafiyar nan ta awa ɗaya tana hana takarda kwana wata uku a teburin da ba nata ba.

Damuwar kowa daban ce. Banki, ko Bankin Masana'antu ne ko Bankin Manoma ko ƙaramin bankin unguwa, tsoronsa kada kuɗinsa ya maƙale. Mai otal ko makarantar da za ka riƙa kai wa shinkafar Dadin Kowa tsoronsa kada ranar da yake jiran kaya ka kashe waya. Alhajin da kake so ya zuba jari a yi kashi-mu-raba, shi amana yake aunawa, kuma zai tambayi mutane a kanka kafin ya tambaye ka. Takarda ɗaya ba za ta yi wa waɗannan ukun ba. Babban kuskuren da nake gani shi ne mutum ya buga takarda guda, ya yi mata hoto goma, ya raba ko'ina. Har na taɓa ganin wadda ta iso mana da sunan wata ma'aikata daban a samanta, an soke da biro.

Mataki na 2: Ka matse buƙatarka cikin jimla ɗaya

Ka rubuta jimla guda mai ɗauke da abin da kake so, da adadinsa, da abin da za ka yi da shi, da lokacin. Ga misalin da zan riƙe har ƙarshe, na wata mai matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli a Bolari. Lambobin na misali ne, ka sa naka:

"Ina neman rancen naira 900,000 domin sayen injin matsar gyaɗa, zan biya cikin wata 15."

Shi ke nan. Idan ka kasa rubuta wannan jimlar, to ba ka shirya ba tukuna, kuma babu mai buga takardar da zai iya rufa maka asiri. Masu cewa "duk abin da ya sawwaƙa" ko "a taimaka mini da jari" suna mayar da kansu masu roƙo a gaban mutumin da ya kamata su zauna da shi a matsayin abokin ciniki. Ana ba mai roƙo abin da aka ga dama, a sallame shi.

Mataki na 3: Lissafi

A nan za ka fi daɗewa, kuma a nan mutane suka fi zamewa. Ka fara da yadda kuɗin zai tafi, daki-daki: inji naira 750,000, dako da kafawa 50,000, ajiyar gyara 100,000. Jimilla 900,000. Ka je wurin mai sayar da injin ya rubuta maka farashi a takardarsa mai hatimi, ka liƙa a baya. Idan ka samu daga wurare biyu ya fi.

Sannan ka nuna daga ina biya zai fito. A ce yanzu da hannu tana sarrafa buhu 3 a mako, ribar kowane buhu naira 8,000 bayan an cire kuɗin gyaɗa da itace da niƙa. Da inji za ta kai buhu 6, wato 48,000 a mako. A cire 12,000 na mai da wuta da yaron da zai taya ta, saura 36,000. A mako huɗu 144,000 ke nan. Yanzu ga abin da kusan kowa ke mantawa: daga cikin sana'ar nan ake cefane. Idan gida yana cin 60,000 a wata, abin da ya rage na gaskiya 84,000 ne.

Da ta ce za ta biya cikin wata 12, kowane wata 75,000 zai fita, ya bar mata 9,000 kacal. Yaro ya kwanta zazzaɓi sau ɗaya, lissafin ya watse. Shi ya sa na ce ta nemi wata 15, ta riƙa biyan 60,000, abin da mai ba da kuɗin zai ɗora a kai ya samu wurin zama. Masu nema suna ganin gajeren wa'adi zai burge kwamiti. Mu da muke zaune a ciki, wanda ya bar wa kansa wurin numfashi shi muke yarda da shi.

Ka tambayi kanka tambayar da za a yi maka ko ba ka so: kuɗin sayen ƙarin buhu uku na gyaɗa daga ina? Idan dilanka yana ba ka kaya ka biya bayan mako, ka faɗa. Ka kuma tuna gyaɗar kaka ba ita ce gyaɗar bazara ba. Wanda ya yi lissafi da farashin watan Nuwamba, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa, zai sha mamaki a watan Yuni. Ka yi lissafinka da farashin lokacin tsada.

Ga wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa yin ta, irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ. A tsarinsu na murabaha ba a damƙa maka kuɗi. Banki ne zai sayi injin, ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Idan can za ka, sai jimlarka ta koma "ina neman a saya mini injin kaza", kuma takardar farashin mai inji ta zama wajibi.

Idan lissafi yana ba ka wuya, ka zauna da ɗanka ko ƙanwarka mai karatu ku yi tare, amma kai za ka riƙa faɗin lambobin. Kada ka yarda wani ya ƙirƙiro maka su, domin ranar tambaya ba ya nan.

Mataki na 4: Rubuta takardar

Shafi ɗaya. Duk sauran abubuwa, lissafi da hoton rajista da takardar farashi, a liƙa su a baya. A sama ka sa sunan sana'arka da adireshi da lambar waya da kwanan wata. Ƙasa da shi muƙami da adireshin wanda kake rubuta wa. Sai sallama a layi ɗaya, sai kan magana da manyan baƙaƙe, kamar haka: NEMAN RANCEN NAIRA 900,000 DOMIN SAYEN INJIN MATSAR GYAƊA.

Sakin layi na farko shi ne jimlarka ta mataki na 2, ba tare da kewaye-kewaye ba. Na san tarbiyyarmu ba ta son a afka wa babba da buƙata ba a yi shimfiɗa ba, kuma ni ma a cikinta na tashi. Amma mai karanta takarda arba'in a yini layi uku na farko yake dubawa. "Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri" ta isa a rabin layi. Kada ta cinye rabin shafi.

Na biyu, wane ne kai. Gajere, da abin da za a iya zuwa a gani da ido:

"Shekara 7 ina wannan sana'a a gidana da ke Bolari. Ina sarrafa buhu 3 na gyaɗa a mako, ina kai mai ga masu abinci 5 da masu tsire 2, kuma kowane mako akwai masu neman da nake mayarwa hannu rabbana saboda aikin hannu ba ya isa."

Dubi yadda babu "ni mai gaskiya ce" ko "kayana sun fi na kowa" a ciki. Kowa yana rubuta haka, don haka ba wanda ke karanta shi. Shekara 7 da masu abinci 5 su suke faɗin gaskiyarta.

Na uku, lissafin a taƙaice, layi uku ko huɗu, ka nuna cikakkensa yana baya. Na huɗu, abin da ka iya ɓaci da shirin da ka yi masa: idan babu wuta, idan gyaɗa ta yi tsada, idan inji ya tsaya. A nan za ka ambaci jingina ko masu tsaya maka, bayan ka nemi yardarsu tukuna. Kada ka taɓa rubuta sunan mutum a matsayin mai tsaya maka bai sani ba. Ana kiran su a waya, kuma "wa ke nan?" daga bakin mai tsayawa ta gama kashe takarda. A rufe da abin da kake so ya biyo baya: a ba ka rana ka zo ka yi bayani, ko a turo wakili ya ga wurin aikinka. Sai sa hannu da cikakken suna.

Idan ciniki kake nema ba rance ba, ƙashin bayan bai canza ba: wane kaya, nawa a mako ko a wata, a wane farashi, wa zai biya dako, yaushe za a biya ka, kuma farashin nan zai tsaya har zuwa wace rana. Wannan na ƙarshen kada ka bar shi. A kasuwar da farashi ke motsi kullum, tayin da ba shi da wa'adi igiya ce ka ɗaura wa wuyanka.

Sai batun harshe. Bankuna da ma'aikatun gwamnati galibi Turanci suke so. Shawarata ita ce ka fara rubutawa da Hausa, harshen da kake tunani da shi, har ta zauna daram, sannan a mayar da ita Turanci mai sauƙi. In an gama, ka sa wani daban, ba wanda ya fassara ba, ya karanta Turancin ya mayar maka da Hausa da baki. Idan abin da ya faɗa ba shi ka rubuta ba, a sake. Ka yi hattara da masu cusa manyan kalmomi don a ce sun iya, da masu kwaso takarda sukutum daga intanet. An taɓa tambayar wani saurayi a gabana ma'anar wata kalma da ke layin farko na takardarsa, ya yi shiru yana kallon ƙasa. Kaji yake kiwo, kuma ya iya kiwon ƙwarai, amma daga wannan shirun ba wanda ya sake sauraronsa da zuciya ɗaya. Har yau abin yana damuna, don da an bar shi ya rubuta yadda yake magana da ya samu.

Mataki na 5: Gyara da aikawa

Ka bar takardar ta kwana. Da safe ka karanta ta da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya yanke kafin jimla ta ƙare, raba ta biyu. Ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta, ka rubuta babban adadin da lamba da kuma kalmomi. Sifiri ɗaya ke raba 90,000 da 900,000.

Ka duba sunanka. Wannan ƙaramin abu ya tsayar da takardun da ba zan iya ƙirgawa ba: a NIN an rubuta Muhammad, a BVN Mohammed, a takarda kuma Muhammadu, ko an juya sunan uba ya koma gaba. Ka rubuta yadda yake a katin shaidarka harafi da harafi, idan kuma katunan sun saɓa wa juna, ka je a daidaita kafin ka miƙa komai.

Ka buga kwafi biyu. In ka miƙa ɗaya, ka roƙi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar, ka ajiye. Idan ta WhatsApp ko imel aka ce ka turo, ka sa a mayar da ita PDF. Hoton takarda a kan tabarma da inuwar hannunka a gefe ba ya yi. Kuma saƙonka na farko ya zama cikakke: sallama, sunanka, wanda ya haɗa ku, abin da ka turo. Kada ka tura sallama kaɗai ka zauna jiran amsa, kada kuma ka tura muryar minti bakwai ga wanda bai san ka ba.

Mataki na 6: Mayar da takardar magana

An ba ka rana. Ka shirya maganar minti uku, ko da an ce kana da goma. Tsarinta shi ne na takardar: gaisuwa, buƙata, wane ne kai, lissafi, shirin ko-ta-kwana, sai ka maimaita buƙatar ka tsaya.

Kada ka haddace. Mai hadda in aka katse shi da tambaya sai zaren ya tsinke, ka ga yana komawa farko kamar ɗalibin da aka tayar a aji. Kada kuma ka karanta musu takardar, tana gabansu. Ka samu ɗan kati daidai tafin hannu, ka rubuta kalmomi biyar ko shida da lambobinka, don in ka ɓace ka leƙa.

Ka kunna wayarka ka ɗauki muryarka, ka saurara. Karon farko ba daɗi, kowa haka yake ji. Ka ƙirga sau nawa ka ce "ka gane ko", "wato", "a taƙaice dai". Maganinsu shiru ne: inda bakinka ke son cusa su, ka tsaya daƙiƙa ɗaya ka ja numfashi. Ka maimaita sau biyar a tsaye, cikin kwana biyu ko uku, sannan ka kira mutumin nan da ba ya jin kunyarka. In ka gama ka ce ya faɗa maka nawa kake nema, don me, kuma yaushe za ka biya. Idan ya kasa, ka sake gini. Wanda ba shi da waya mai ɗaukar murya ya yi a gaban iyalinsa. Yara ba sa ɓoye gajiya, fuskarsu za ta nuna maka inda ka yi tsawo.

Mataki na 7: Ranar tsayuwa

Ka isa da rabin awa kafin lokaci. Kaya masu tsabta da guga sun isa, ba sai ka ari babbar riga ba. Mai neman rancen inji da ya shigo da shigar angwanci yana jawo wa kansa tambaya. Ka sa waya a shiru. Idan kai aka ba zaɓin lokaci, ka ɗauki hantsi, ka guji gab da azahar, ka guji safiyar Juma'a da kowa ke sauri.

Ka yi sallama, ka gai da shugaba da muƙaminsa, ka haɗa sauran a gaisuwa ɗaya. A babban taro inda aka riga aka jera sarakuna da manyan baƙi, ya isa ka ce ka tsaya a kan gaisuwar da aka gabatar. Na raka wani dattijo mai sayar da riɗi da aka ba minti biyar. Ya bi mutum tara da ke teburin ɗaya-ɗaya, da gajiya da iyali da sanyi, ya yi godiya, ya yi addu'a, yana buɗe fayil shugaba ya duba agogo. Ladabinsa ba laifi ba ne, kuma ba wanda ya ji haushi, amma mun fito ba a ji adadin da yake nema ba, sai da muka jira zama na gaba bayan wata guda, lokacin kuwa farashin riɗi ya riga ya tashi.

Gombe gari ne na harsuna da yawa. Idan ka san shugaban Bafulatani ne ko Batangale ko Batere kuma ka iya gaisuwarsu da kyau, kalma biyu suna buɗe fuska. In ba ka iya ba, bar ta. Kuma kada ka ɗauka kowa a teburin addininku ɗaya ko Hausarsa ta kai taka; ka rage karin magana mai zurfi, ka yi gaisuwar da ta game kowa. Idan aka fara da Turanci kuma ka san zai ɗaure maka harshe, ka nemi izini a fili: "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in yi bayani da Hausa." Ban taɓa ganin an hana ba a inda na zauna.

Ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, kada ka jingina da tebur. Mun saba sunkuyar da kai a gaban manya, mata ma sun fi. Sai dai murya tana bin inda fuska ta duba. Mai kallon ƙasa da tabarma yake magana. Ba a ce ka zura wa dattijo ido ba. Ka ɗaga kai, ka dubi wajen goshinsa ko hularsa, ka juya ga na dama da na hagu lokaci-lokaci. Ka yi magana don na ƙarshen ɗaki ya ji. In akwai makirufo, ka bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da bakinka, kada ka busa ta. In ka zo kan lamba, ka sassauta, ka faɗe ta sarai, ka ɗan tsaya don masu rubutu su rubuta.

Idan gabanka yana faɗuwa, haka na kowa yake yi. Ka kurɓi ruwa kafin ka shiga, ka ja dogon numfashi sau uku. Hannu in yana rawa, ka ba shi aiki: ɗauko samfurin. Gani ya kori ji. Ranar da mai man gyaɗar nan ta buɗe murfin kwalba ƙamshin ya cika ofis, ta zagaya da ƙuliƙuli a faranti mai tsabta, mutanen da ke duba waya duk suka ɗago.

Mataki na 8: Tambayoyi

Ka bar mai tambaya ya kai aya. Ka maimaita tambayar a gajarce don ka tabbata ka fahimta, wannan kuma yana ba ka lokacin tunani. Ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, ka yi shiru. Magana zarar bunu ce. Da yawa sun amsa daidai, sannan suka ci gaba da zuba har suka faɗi abin da ya rusa su.

Za a tambaye ka ko ana bin ka bashi a wani wuri. Ka faɗi gaskiya, da adadin da saura nawa. Bankuna suna bincikawa ta BVN da hukumomin adana bayanan bashi, kuma bashin da ka faɗa da bakinka ya fi sauƙi a kan wanda aka tono. Abin da ba ka sani ba, ka ce: "Ba ni da wannan a hannu yanzu, zan kawo gobe kafin azahar." Kada ka ƙirƙiri lamba a tsaye. Kada ka yawaita rantsuwa. Wallahi uku a minti ɗaya tana sa mai sauraro ya fara shakka. Kada ka ɓata abokan sana'arka, wataƙila ɗan'uwan wani ne a teburin. Idan aka yi maka tambaya mai zafi ko da gatse, ka amsa cikin sanyin murya. Sau da yawa haƙurinka ake gwadawa, don a ga yadda za ka kasance ranar da aka zo karɓar kuɗi kasuwa ba ta yi ba.

Mataki na 9: Bayan an tashi

Kafin ka fita, ka tambaya: "Yaushe zan ji daga gare ku, kuma wa zan tuntuɓa?" Ranar nan da yamma ka tura gajeren saƙon godiya, ka jera abin da aka tsayar da abin da ka yi alkawarin kawowa, ka kuma kai shi a lokacin da ka faɗa.

Idan an amince, a rubuta, ko da da ɗan'uwanka ne ko surukinka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Adadi, wa'adi, rabon riba, abin da za a yi in an yi asara, sa hannun kowa da na shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Duk takardar da aka miƙo maka ka sa wa hannu, ka nemi a ba ka ita ka je gida a karanta maka a tsanake.

Idan ranar da aka ba ka ta wuce ba labari, ka ƙara kwana biyu, sannan ka kira sau ɗaya a lokacin aiki. Idan an ce a'a, ka yi godiya, ka roƙi a faɗa maka abu ɗaya da ya rage. Ka rubuta amsar a bayan kwafinka mai hatimi, da kwanan wata, ka mayar cikin fayil. Da ita za ka fara mataki na 3 a karo na gaba.